Kwalekwalen da Gwaggo Ta Yaba

Tun da sassafe gidan su Lesieli yake a hargitse, ka ce gobara ake gudu. Mama Seini ta sa an ciccibi sabuwar firiza an kai maƙwabta, ta naɗe tabarmin gado masu laushi ta tura gidan ƙanwarta, har agogon bango sai da aka sauke. Baba Taniela ya yi ta faɗa wai wannan abin kunya ne, ba a yi wa jini haka. Can an jima aka hange shi ya bi ta bayan gida da rediyonsa a hammata.

Ba wata baƙuwa ake jira ba, yayarsa ce, Gwaggo Kalolaine.

Mu nan tsibiran Vava'u yayar uba ba sa'ar wasan kowa ba ce. Ita ke raɗa wa 'ya'yan ƙaninta suna, ita ke zama saman tabarma ranar bikinsu. Abin da ta gani a hannunsu ta ce ya yi kyau, to ya zama nata, babu roƙo babu godiya. In ta ce a yi aure an yi, in ta kaɗa kai magana ta mutu. Shekara da shekaru tana ƙasar waje, can birnin Okalani wajen 'ya'yanta, sai ga shi sun saya mata tikitin ƙaton jirgin ruwan nan na 'yan yawon buɗe ido, wanda zai tsaya a garinmu Neiafu da safe ya tashi kafin rana ta faɗi.

A cikin wannan wunin za a yanke wa Lesieli wanda za ta aura.

Ta daɗe da ba Semisi zuciyarta, kowa a asibitin da take aikin jinya ya sani. Baba ne ya ƙi. Ya ce yaron ɗan ƙaramin tsibiri ne, ba gona ba fili a gari, in ka cire kwalekwalen da yake ɗaukar baƙi da shi ba shi da ko tsinke. Baba kuwa Lopeti yake so, ɗan mai babban kantin bakin kasuwa, wanda ya dawo daga Ostireliya da ƙamshin turare da takalma masu tsini. Da Lesieli ta yi kuka har ta gode wa Allah, sai Baba ya ce, "Ni na gaji. Yaya ta zo, abin da ta ce shi za a yi." Ya faɗi haka ne don ya san uwar Lopeti ƙawar Gwaggo ce tun suna 'yan mata.

Lesieli ta zagaya bayan ɗakin girki ta kira Semisi a waya.

"Ka riƙe abin da na ce maka jiya ko? Tsohon kwalekwalen kawunka za ka zo da shi. Naka ka bar shi a gida."

"Na kawu yana yoyo, Lesi."

"Ya yi ta yoyo. Gara mu jiƙe da ta ɗora ido a kan naka."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa mai sanyi, wadda kullum take kashe mata jiki. "Kin mai da gwaggon nan taki guguwa."

"Ai guguwa tana rage wa mutum wani abu. Don Allah kar ka yi min taurin kai yau. Ita ta ce a kai ta Kogon Tsattsewa, da ƙyar Baba ya yarda kai ne za ka kai mu, kuma ya ce kar ka buɗe baki."

"To, na ji."

Ta san wannan "na ji" nasa, ba ta taɓa cin riba da shi ba.

* * *

Jirgin ya cika bakin tasha kamar an turo unguwa guda kan ruwa. Turawa suka yi ta zubowa da gajerun wanduna, a tsakiyarsu ga Gwaggo, doguwa, kakkaura, da faffaɗar hula da baƙin gilashi, ta ɗaura ta'ovala, tabarmar ƙugun nan ta girmamawa, a kan rigarta mai furanni. Ta rungume Lesieli har sai da numfashinta ya ɗauke. Baba kuwa yana can nesa kaɗan ya sunkuyar da kai, don namiji ba ya matsawa kusa da 'yar'uwarsa.

"Taniela, ka ajiye tumbi."

"Sannu da hanya, Yaya."

"Furfura kuma a ina ka samo ta? Ni da na goya ka ban yi kamarka ba."

Aka fara biyawa da ita gida. Ta tsaya tsakiyar falo ta cire gilashi, ta dubi ƙusar da ke bango ba agogo, ta dubi farin wurin da firiza ta bari a ƙasa. Mama Seini sai zufa take tana miƙa mata ruwan kwakwa.

"Seini, kun yi shara da kyau," in ji Gwaggo. Ta sha ruwanta ta miƙe.

A waje Lopeti na jira da farar bas mai sanyi, ya buɗe ƙofa har da rusunawa. Gaskiya dai ya iya kwalliya, ba za a hana shi ba. Matsalarsa bakin. Tun da ya tada mota yake bayani kamar ya ɗauko Baturiya.

"Wancan farin ginin na kan tudu, Gwaggo, shi ne babban cocinmu."

"Ka ce Allah. A ciki aka yi min baftisma, ɗana."

"Nan kuma kasuwa ce."

"Madalla. Da na ɗauka filin jirgin sama ne."

Lesieli ta cusa fuska a tafin hannu tana danne dariya. A kasuwar Gwaggo ta zama yarinya. Ta tsinci tsofaffin ƙawayenta a bayan tulin doya da gwaza da kankana, suka yi ta shewa suna dukan cinya, suna lissafa wanda ya mutu da wanda ya ƙi mutuwa. Ta sha otai kofi biyu, haɗin kankana da kwakwar nan mai sanyi, ta sayi banila mai ƙamsasa abinci ta cusa a jaka. Daga nan ta ce sai an hau Dutsen Talau. Tana hawa tana zagin gwiwoyinta, amma da ta kai sama ta ga tsibirai birjik a kan shuɗin ruwa sai ga hawaye na bin kumatunta tana murmushi.

Da suka sauko ta shafa kujerar bas ɗin.

"Motar nan ta yi kyau."

"Ta haya ce, Gwaggo." Kafin ta rufe baki ya ba ta amsa.

"Ayya. To ƙarfe nawa yanzu?"

Lopeti ya ɗaga hannu don sabo. Babu agogo, sai farin zobe a wuyan hannun inda rana ba ta taɓa ba. Ya yi wuƙi-wuƙi ya laluba aljihu ya ciro waya, ita ma tsohuwa ce mai tsagaggen gilashi, wadda Lesieli ba ta taɓa ganinsa da ita ba.

"Bar shi, ɗana," in ji Gwaggo. "Ni ma na iya duba rana."

* * *

Suna isowa ƙaramar tasha Lesieli ta hango Semisi a cikin kwalekwale.

Nasa ya kawo. Ba ma kawowar ba, sai da ya sake masa fenti fari da shuɗi, ya goge injin yana ƙyalli, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a kan benci, ya kafa 'yar rumfa don rana. Shi kansa ya ɗaura ta'ovala kamar mai zuwa coci. Kwalekwalen da ya yi shekaru yana tsinkar tuffa cikin sanyin ƙasar mutane kafin ya mallaka, shi ya yi wa kwalliyar amarya ya kawo gaban Gwaggo.

Ta galla masa harara. Ya kau da kai kamar bai gani ba, ya miƙa wa Gwaggo hannu biyu ya taimaka mata ta shiga. Baba ya ce zai jira a tasha, don ba ya zama benci ɗaya da yayarsa. Lopeti ya shiga yana ɗaga ƙafar wando.

Ruwan ranar kwance yake lumui. Ba su yi nisa ba Semisi ya rage wuta ya nuna da hannu, bai ce uffan ba. Sai ga tofua'a, uwar kifayen teku, ta ɗago baƙin bayanta kusa da su ta fesa ruwa sama, ɗanta na manne da gefenta. Gwaggo ta jefar da hula tana tafi.

"Ku dube ta, ku dube ta. Ita ma da goyonta, baiwar Allah."

Ɗan ya buga wutsiya, ruwa ya wanke Lopeti tun daga gashi har takalma masu tsini. Gwaggo ta yi dariya har tana riƙe ciki, Lesieli ma duk da fargabarta sai da ta dara.

A bakin kogon Semisi ya kashe inji ya shigar da su da filafili. Ciki sanyi, hasken rana ya ratso ta ƙofa ya mai da ruwan shuɗi tas, har kana ganin ƙananan kifaye suna juyawa a ƙasa, tsattsewa na shawagi a sama. Gwaggo ta ɗaga murya ta rera waƙar coci ta zamanin ƙuruciyarta, kogon yana mayar mata. A baiti na biyu wata murya mai kauri ta shigo ƙasa-ƙasa ta tallafe tata. Semisi ne. An hana shi magana, ba a hana shi waƙa ba.

Da suka gama Gwaggo ta share ido. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta shafa gefen kwalekwalen da tafin hannu.

"Na waye wannan?"

Lesieli ta yi caraf. "Na haya ne, Gwaggo."

"Ba ke na tambaya ba."

"Nawa ne, Gwaggo," in ji Semisi.

"Ya yi kyau."

Lesieli na kallo Semisi ya ajiye filafili, ya zare makullin injin da jar igiyarsa, ya durƙusa a tsakiyar kwalekwalen ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Naki ne."

Gwaggo ta karɓa. Ta juya makullin a hannunta, ta miƙa masa. "Ara maka na yi, ka mai da mu." Ko godiya ba ta yi ba.

Lopeti ya matse ruwan rigarsa yana murmushi. "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, abokina."

* * *

Suka tsaya a wani ɗan tsibiri mai farin yashi don cin abinci. Gwaggo ta ci ɗanyen kifi da madarar kwakwa ta ƙoshi, ta sa Lopeti ya riƙe mata lema tana tsoma ƙafa a ruwa. Lesieli ta ja Semisi bayan wata bishiyar kwakwa, kafin ta buɗe baki hawaye sun riga ta.

"Me ka yi mana, Semisi? Me ka yi?"

"Lesi, saurara."

"Ba zan saurara ba. Na roƙe ka, na haɗa ka da Allah. Abu ɗaya ka mallaka a duniya, shi kaɗai ne abin da nake nuna wa Baba in ya ce ba ka da komai. Yanzu me zan nuna masa? Hannunka?"

"Hannun ne ya sayi wancan."

"Kar ka yi min wasa da magana, raina a ɓace yake. Shekarun da ka yi a sanyi fa? Ni nan ina jira, ana yi min dariya a asibiti ana cewa ka samu wata a can. Duk a banza kenan?" Ta share hanci da bayan hannu. "Kuma abin haushin, ba ta da iko da kayanka. Ikonta a kanmu yake, mu 'ya'yan ƙaninta. Kai bare ne. Da ka yi shiru ba wanda zai ga laifinka."

"Na sani."

"Ka sani ka bayar?"

Ya sunkuya ya ɗebi yashi yana zubarwa.

"Kina tsammani bai yi min ciwo ba? Da na zare makullin nan ji na yi kamar haƙorina na cire. Amma Lesi, na gaji da zama bare. Babanki ya ce kar in yi magana, to da me zan roƙa? Ba ni da dangi masu suna da za su zo su zauna a falonku. In na zo mata da aron kwalekwale, ta gan ni a aron mutum. Gara ta ga abin da nake da shi, in ta ga dama ta ɗauka."

"In ta ɗauka kuma ta ce Lopeti fa?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Sai in koma tsinkar tuffa. Amma ba za a ce na ɓoye wani abu ranar da aka zo ganina ba."

Ta so ta ci gaba da faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, kuma ba ta taɓa sonsa kamar yanzu ba. Ta durƙushe a yashi tana kuka, shi kuma ya tsaya a kanta ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Lesieli," Gwaggo ta ƙwala kira daga bakin ruwa. "In kun gama jiƙa yashin mutane ku zo mu tafi, jirgina ba ya jiran masu kuka."

* * *

Kafin su iso tasha labari ya riga su, don Lopeti ya yi waya tun a hanya. Baba na tsaye da Mama Seini, 'yan kasuwa sun taru, ƙaton jirgin ya fara busa ƙaho. Gwaggo ta fito, ta miƙa hannu, Semisi ya sa mata makullin. Ta rataya shi a wuya kamar sarƙa.

Baba ya matso iyakar inda al'ada ta yarda, ya rage murya.

"Yaya, a yi haƙuri. A mayar wa yaron nan abinsa. Da shi yake ci."

"Ka damu da cinsa ne?"

"Ba haka ba ne. Mutane na kallo. Za a ce gidanmu mun karɓe kayan bare."

"Bare." Gwaggo ta cire gilashi ta ninke shi a hankali. "Taniela, na ƙetaro teku don in ga gidan ubana, kuka nuna min bango da ƙusa. Wancan ya ɗauke ni a motar haya da hannu ba agogo. Ban yi fushi ba, na san halina, na san abin da na kwasa a gidanka a baya. Amma tun safe mutum ɗaya ne ya ɗauke ni gwaggo, ya bar ni na ga abinsa."

Mama Seini ta sunkuyar da kai. Lopeti ya soma duba tayar bas.

"Duk da haka, Yaya..."

"Tsaya in tambaye ka, kai ne dattijon coci. Gwaggo tana ɗaukar kayan wa?"

"Na 'ya'yan ɗan'uwanta."

"Wadda ta ɗauki na bare fa, me sunanta?"

Baba ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa.

"Faɗi mana. Ga kasuwa guda tana ji. Ni dai na karɓa, kuma ba na mayarwa, ban taɓa ba. Saura kai ka gaya wa mutanen Neiafu, yayarka ɓarauniya ce, ko yaron nan ɗanka ne?"

Lesieli ta damƙe hannun mahaifiyarta har sai da ta ce wash. Namiji a ƙasar nan ya gwammace ya faɗa teku da ya jefi 'yar'uwarsa da kalma irin wannan, kowa a wurin ya sani, Baba ya fi kowa sani.

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ɗago ya dubi Semisi, karo na farko da ya dube shi ido cikin ido.

"Kai kuma ka tsaya can kamar turke. Ba za ka zo ka ɗaukar wa gwaggonku jaka ba?"

Matan kasuwa suka ɗauki guɗa. Wata tsohuwa mai sayar da gwaza ta ajiye kwandonta ta shiga rawa a tsakiyar tasha, Turawa na ɗaukar hoto ba su san dalili ba. Lesieli ta faɗa jikin Gwaggo tana kuka tana dariya, ta kasa haɗa kalma biyu.

"Ya isa, za ki ɓata min riga," in ji Gwaggo. Ta ciro makullin daga wuya ta danƙa a tafin Lesieli, ta rufe da nata hannun. "Ajiya na ba ki, ba kyauta ba. Ki riƙa ara wa mijinki da safe, ki karɓa da yamma. Ranar da ya sa ki kuka, ki kulle abina ki kira ni."

Semisi ya iso da jakar a kafaɗa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wajen ƙaninta.

"Taniela, a sa bikin lokacin da tofua'a za su dawo. Da jirgin sama zan zo, kuma ba wuni ɗaya zan yi ba."

"To, Yaya," in ji Baba.